Jan maɓallin da Baba Hamani ya kasa dannawa

Akwai wata safiya a Saga da ban taɓa iya mantawa da ita ba, ko da yake in aka ce in faɗi abin da ya faru a taƙaice, sai in ce wani tsoho ne ya danna waya. Tanti Mariyama ce ta ce in rubuta labarin domin ku da za ku zo koyon aiki a biro, wato ofishinmu, a hutun bana. Ta san halina. In aka tsayar da ni gabanku in faɗa da baki, muryata maƙalewa za ta yi. Shi ya sa na rubuta.

Shekara biyu ke nan. Na gama ajin farko na lise, wato babbar sakandare, aka ba mu dogon hutu, mahaifiyata ta ce ba zan zauna gida wata uku ina kallon bango ba. Ta haɗa ni da ƙanwarta, Tanti Mariyama, wadda ke aiki a wani ƙaramin biro mai ƙera manhajojin waya. A lokacin biron yana unguwar Koira Kano a Yamai, cikin wani gida mai ɗaki uku, ba wannan benen da za ku tarar ba. Akwai mangwaro a tsakar gidan wanda bai taɓa yin 'ya'ya ba. Akwai wata fanka mai ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, har baƙi kan waiga su ga wa ya zo. Da azahar wata mata kan kawo kopto, zogale da ƙuli, mu ci a faranti guda a inuwar mangwaron. Sabon biron ya fi sanyi da tsabta, amma har yau in aka ce wurin aiki, wancan gidan nake gani.

Mu huɗu ne. Shef, wato Musye Abdu, shi ke nemo aiki, kuma shi ke da maganar ƙarshe. Tanti ita ke zana fuskar manhaja, ma'ana duk abin da mutum zai gani in ya buɗe waya: inda maɓalli zai zauna, girmansa, kalarsa, da abin da zai fara fitowa. Ila, wani dogon Bagobiri mai yawan ba'a, shi ke rubuta abin da ke sa maɓallin ya yi aiki in an danna shi. Sai ni, da littafin rubutu da alƙalamin bik.

Aikina shi ne gwaji. Ga yadda ake yin sa: a miƙa wa mutum waya, a gaya masa abin da ake so ya yi, sannan a ƙyale shi. Ba a nuna masa, ba a gyara masa, ko da ya juya wayar kai a ƙasa. Wani kuma ya zauna a gefe ya rubuta duk abin da ya gani. Ranar farko Tanti ta ce mini, "Ke dama ba ki magana. To, yau shirunki ya samu aiki. Ki rubuta abin da hannu ya yi, ba abin da baki ya ce ba."

Aikin da muka samu na manoman shinkafa ne a Saga, kusa da Yamai. Ga waɗanda ba su taɓa shiga fadamar ba, injin ruwa ne ke ɗebo ruwa daga kogi ya zuba a babban kanal, wato magudanar ruwa ta siminti. Daga nan ruwan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa fangalolin shinkafa. An raba fadamar sashe-sashe, kowane sashe da ranarsa ta shan ruwa, kowane kuma da wakilinsa da ake kira delege. A samansu duka akwai shugaban ƙungiyar manoman, Alhaji Saini, dattijon da kowa ke tashi tsaye in ya shigo rumfa. Abin da suke so a wurinmu ba mai wuya ba ne: washegarin ranar ruwan kowane sashe, waya ta tambayi kowane manomi ko ruwa ya iso gonarsa, amsar ta fito a taswirar fadama. Gonar da ta sha ta zama kore, wadda ba ta sha ba ta zama ja. Delege ya duba wayarsa ya nufi inda ke ja, maimakon ya zagaye sashe duka da ƙafa.

Kafin in zo sun riga sun sha wahala da wannan fuska. Ta farko rubutu ce, da yawa ba sa karantawa. Aka rage rubutun, aka ƙara girman maɓallai, don yatsan manomi mai kauri ne, sau da yawa a jiƙe, wayar kuma tana cikin leda saboda ruwa. Aka gano shuɗi mai haske ba ya ganuwa a rana, aka cire shi. A ƙarshe fuskar ta zama maɓalli biyu kawai, kore a dama, ja a hagu, kowanne kamar rabin tafin hannu. Duk da haka mutane ba su cika amsawa ba. Waya ta yi ƙara, su duba, su mayar aljihu.

Shef ne ya kawo dabarar da ta warware wannan. Ya ɗauki muryar Alhaji Saini, da Zabarmanci da Hausa. In waya ta yi ƙara da safe, sai ka ji dattijon da kansa ya yi sallama, ya tambayi kwanan iyali, sannan ya ce, "Ruwan jiya ya iso gonarka? In ya iso, danna kore. In bai iso ba, danna ja." Daga ranar kowa ya fara amsawa. Taswirar da ke babbar na'urar biro ta zama kore daga bakin kogi har ƙarshe. Shef kan tsaya gabanta da kofin shayi ya ce, "Mariyama, kin ga aiki. Ko digo ɗaya na ja babu." Ila ya ce ai dama in ka haɗa Bazabarme da muryar babbansa, ko dutse ka ce ya danna zai danna.

Bayan mako uku da yin dashe, ruwan sama ya ɗauke kwanaki, kowa ya dogara da inji. Tanti ta ce mu je mu ga yadda ake amfani da manhajar da idonmu, don haka ƙa'idar aiki ta ce, ko da komai na tafiya daidai. Muka zaɓi washegarin ranar ruwan sashen ƙarshe, wanda ya fi nisa da kogi. Aka roƙi manoman kada su amsa a gida, su zo rumfar da ke bakin hanya su amsa a gabanmu. Shef bai zo ba. Alhaji Saini kuma yana can wajen inji.

Na zauna a gefen tabarma, na ja mayafina, na buɗe littafi. Mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Murya ta yi sallama, wasu har amsa mata suke yi, wani ma ya cire hularsa ya mayar. Su danna kore su tashi. Na rubuta haka sau da yawa har hannuna ya fara gajiya.

Sai wani tsoho ya zauna, siriri, da gemu kaɗan fari, aka ce sunansa Baba Hamani. Ya warware ledar wayarsa a hankali, ya ninke ta, ya sa ƙarƙashin gwiwa don kada iska ta ɗauke. Muryar Alhaji ta yi sallama, ya amsa ƙasa-ƙasa. Da aka zo tambayar, babban yatsansa ya tafi kai tsaye wajen ja. Bai taɓa ba. Ya tsaya a sama da shi, har na ƙirga numfashina uku. Sannan yatsan ya tsallaka ya danna kore. Ya ce, "Alhamdulillahi," ya mayar da wayar cikin leda.

Na rubuta. Da ya miƙe, idona ya sauka a ƙafarsa. Duk waɗanda suka zo kafin shi akwai laka a ƙwaurinsu, wasu ta bushe ta yi fari, wasu da ɗanyarta. Ƙafar Baba Hamani ƙura ce kawai, har tsakanin yatsu. Na rubuta wannan ma. Bayansa mutum biyu suka yi kusan irin abin da ya yi, su ma ƙafafunsu a bushe.

Ya kamata in yi magana nan take. Ban yi ba. Na ji kamar in na buɗe baki a gaban manya zan ce tsoho ya yi ƙarya, ni kuma ba ni da wannan bakin. Muka naɗe tabarma, muka shiga mota, Ila ya tayar. Tanti ta miƙo hannu baya ta karɓi littafin kamar yadda ta saba. Ina kallon ƙeyarta tana karantawa. Ta kai wani wuri ta daina juya shafi.

Ta ce, "Zalika, mene ne wannan 'ƙafa a bushe'?"

Na ce, "Tanti, wanda aka ba gonarsa ruwa jiya, yau da safe zai shiga ya duba. Su ukun nan ba su taka ruwa ba."

"Me ya hana ki gaya mini a can?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba. Ta taɓa kafaɗar Ila ta ce ya juya.

Muka bar motar a bakin hanya muka bi kan gaɓar kanal da ƙafa. Da farko shinkafa kore shar, ruwa na kwance a gindinta, balbelu suna tsinta. Muna tafiya ruwan kanal na raguwa, ciyawa na ƙaruwa a cikinsa, har muka iso inda babu komai sai laka mai tauri. Gonar Baba Hamani ita ce ta ƙarshe. Ƙasar ta tsattsage, tsagar ta isa in sa yatsana ciki. Ganyen shinkafar ya naɗe kamar tsinke, bakinsa ya yi ruwan ɗorawa. Shi kuma yana tsaye a tsakiya da bokiti, yana ɗebo ruwa daga wani rami can nesa yana zuba wa layi ɗaya-ɗaya. Wannan fangalin shi ne abincin gidansa har girbi na gaba.

Tanti ta gaishe shi, ta tambayi gona. Ya ce, "Lafiya lau, Madam. Da godiya." Ta rasa ta inda za ta shiga. A nan ne ba'ar Ila ta yi rana, don kun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasa, kowa na iya faɗa wa ɗan'uwansa abin da wani ba zai iya ba.

Ila ya ce, "Tsoho, wannan gona ce ko filin ƙwallo?"

Baba Hamani ya kalle shi, ya ga zanen fuskarsa, ya ajiye bokitin. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Af, bawana ne ashe. Kai in ka ga shinkafa ka san ta? Ku da ba ku san komai ba sai gero da cika baki."

"Geronmu dai bai taɓa mutuwa da ƙishi a bakin kogi ba. Kogi a ƙofar gidanka, gonarka na azumi. Kwana nawa?"

Tsohon ya yi dariya kaɗan. Ya ce, "Juyi biyu ke nan bai iso ba."

"To, me ya sa ka ce wa waya ya iso?"

Dariyar ta tafi. Sannan ya ce, "Ba waya na gaya wa ba. Saini na gaya wa. Ai kun ji shi. Ya yi mini sallama, ya tambayi iyalina, sannan ya tambayi ruwa. Mutumin nan shekara da shekaru yana fama da injin nan saboda mu. Ranar da aka binne mahaifiyata shi ya shiga kabari ya karɓe ta. In tashi da sassafe, abin da zan fara yi in maka masa ja a fuska?"

Tanti ta ce, "Baba, ba laifinsa za ka faɗa ba. Sani yake so ya yi don a gyara."

Ya ce, "Madam, da can delege kan zagayo da safe. Ya tsaya nan inda yarinyar nan take tsaye, mu gaisa. Ya tambayi gida, in ce lafiya. Ya tambayi gona, in ce alhamdulillahi. Bakinsa na gaisuwa, idonsa na ƙasa. Kafin azahar sai ka ga ruwa ya taho. Ban taɓa ce masa a'a ba, shi ma bai taɓa jira in ce ba. Yanzu an ce ba ya zuwa sai inda ya ga ja. Ni kuma na ce bari in ɗan jira, ƙila sama ta zubo."

Na ga Tanti ta zauna a kan gaɓar kanal, cikin ƙura, da zaninta mai tsada. Ta tambayi tsohon kwana nawa shinkafar za ta ƙara jurewa. Ya ce ta ƙasa-ƙasa ƙila kwana biyu ko uku, ta tudu kuma Allah kaɗai ya sani. Sannan ya roƙe mu abu ɗaya, kada a ce wa Alhaji shi ya kai ƙara.

A ƙa'idar biro, ma'aikaci ba ya kai wa mai aiki matsala sai da sanin Shef. Tanti ta kira shi. Ina jin muryarsa daga inda nake.

"Mariyama, taswirar na gabana. Sashen ƙarshe kore ne duka."

"Shef, ina tsaye a kan koren. Ka zo ka taka shi."

"Ila ya duba ko na'ura ce ta juya amsa."

"Na'ura ba ta juya komai ba. Abin da aka danna shi ta kai maka. Ka taho dai."

Ya iso kafin la'asar, da takalminsa mai sheƙi, ya bi gaɓar kanal yana zamewa. Da ya ga gonar bai yi gardama ba. Tanti ta miƙa masa littafina a buɗe, ya karanta, ya kalle ni, ya ce, "Ke ce ɗiyar yayar Mariyama ko?" Makona biyar a biro ke nan. Na ce eh.

Saura yadda za a sanar da Alhaji ba tare da an kunyata tsohon ba, don shi kaɗai ke da ikon a buɗe ruwa a ranar da ba ta sashe ba. Ila ya ce a je a faɗa masa kawai, Zabarmawa sun cika zagaye-zagaye. Shef ya girgiza kai. Ya ce, "Mun riga mun tilasta wa mutane magana sau ɗaya, ga abin da ya haifar. Bari mu yi yadda suke yi."

Muka sami Alhaji Saini a wajen inji, yana zaune a kan benci da carbi. Bayan gaisuwa Shef ya ce muna so mu ɗauki hoton ƙarshen kanal saboda aikinmu, amma ba mu san iyakokin gonakin ba, ko Alhaji zai daure ya raka mu. Dattijon ya ɗauki sandarsa. Tafiyar ta yi nisa gare shi, yana yi yana hutawa, yana nuna mana gonar wane da ta wane. Ina biye da shi a baya. Na lura tun daga inda ciyawa ta fara cika kanal ya daina nuna gonaki. Da muka iso inda ruwa ya ƙare, ya soka sandarsa cikin lakar, ya zare, ya dubi bakinta.

Baba Hamani ya taho ya durƙusa kaɗan. Suka gaisa da Zabarmanci, gaisuwa mai tsawo, gida da yara da gajiya. Alhaji ya tambayi gona. Baba Hamani ya ce, "Alhamdulillahi." Alhaji ya ce, "Madalla." Duk wannan lokacin idonsa bai bar ƙasa ba.

Daga nan ya ciro wayarsa ya kira delege. Ya ce gobe da asuba kowane gida na sashen ya fito da mutum ɗaya da shebur, za a yashe kanal, kuma a karkato ruwan gobe zuwa ƙarshe, shi zai ba wa masu ranar haƙuri da kansa. Bai ambaci sunan kowa ba.

A hanyar komawa ya rage tafiya har ya jera da Shef. Ya ce, "Abdu, nawa suka danna ja tun da aka sa muryata?"

Shef ya ce, "Babu ko ɗaya, Alhaji."

Dattijon ya yi 'yan taku. Ya ce, "Ni ma da na ga haka daɗi na ji, na ɗauka aikina ne ya yi kyau. Ku cire ta. Na ba ku ita don su amsa, ashe ita ta rufe musu baki."

Washegari aka yi gayya. Laka da ciyawa ne suka toshe hanya, ba laifin kowa ba, abin da delege zai gani da wuri in da yana zagayawa. Kafin rana ta take ruwa ya shiga gonar Baba Hamani. Ina nan tsaye na ji yadda ƙasar ke shan sa, tana 'yar ƙara kamar ana soya abu a nesa. Ɓangaren ƙasa-ƙasa ya farfaɗo cikin kwanaki. Na tudu bai tashi ba. Aka nemi ragowar iri wajen maƙwabta, aka tarar ya tsufa, ba zai dasu ba. Wannan gefen haka ya zauna fili har girbi, kuma gidan Baba Hamani sun ci ƙasa da abin da suka saba a shekarar. Ban so in ɓoye muku wannan ba. Ba mu zo da wuri ba, kuma fuskar da muka zana da hannunmu ce ta jinkirta mu.

Sati guda muka yi a kan sabuwar fuska. Tanti ta cire ja da kore gaba ɗaya, ta cire eh da a'a. A wurinsu ta sa hoto uku, duka girma ɗaya: ƙafa a kan ƙasa mai tsaga, ƙafa a cikin laka, ƙafa a cikin ruwa har idon sawu. Muryar da ke tambaya ta wata malama ce daga Tondibia da ba wanda ya san ta a Saga. Ba ta ambaci ruwan jiya ba, ba ta ambaci kowa ba. Cewa kawai take yi, "Wanne ya yi kama da gonarka yau?" Shef ya so a ƙara hoto na huɗu da na biyar don a san zurfin ruwa sosai, Tanti ta ƙi, ta ce uku ne ke shiga ido ɗaya a rana, da waya cikin leda. Alhaji kuma a nasa ɓangaren ya mayar da zagayen delege sau biyu a mako, ko me taswira ta nuna.

Muka koma rumfar don gwaji. Da aka zo kan Baba Hamani, ya kawo wayar kusa da ido ya daɗe yana kallo. Na ɗauka bai gane ba. Sai ya ce, "Wannan ƙafar wa ce?"

Ila ya ce tasa ce.

"Na sani. Dubi faso. Duk Yamai ba ku sami ƙafar mutum ba sai ta Bagobiri?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Sannan ya danna hoton laka, don a ranar haka gonarsa take, ba tare da ya tsaya ba. Tanti ta tambaye shi, in da ƙasar a bushe take, zai danna na farko? Ya ce, "Me zai hana? Wannan ai ba ƙarar kowa na kai ba. An nuna mini ƙasa, na nuna irin tawa."

Mako biyu bayan haka wasu gonaki a wani sashe suka fito da hoton tsaga. Delege ya je a ranar. Na ga Shef ya tsaya gaban taswirar da kofinsa, kuma a karo na farko ya yi murna da ganin matsala.

Hutu ya ƙare na koma lise. Nakan leƙa biro ranar Asabar, amma ban sake samun wata uku irin waɗannan ba, kuma na ji Baba Hamani ya bar wa ɗansa gonar saboda gwiwa.

Abin da na koya, da shi nake so ku shiga aikin nan. Za a koya muku girman maɓalli, da kalar da ke ganuwa a rana, da rage rubutu, da kada a sa mutum ya danna sau biyar abin da sau ɗaya zai yi. Duk gaskiya ne, kuma fuskarmu ta farko ta cika su duka. Ba wanda ya ruɗe a kanta. Baba Hamani ya san sarai wane maɓalli ne gaskiya. Abin da ba mu duba ba shi ne mun ajiye shi tsakanin gonarsa da kunyarsa, muka ce ya zaɓa, ya zaɓi kunya, kuma zai sake zaɓar ta. Mutanenmu suna da hanyoyinsu na sanar da damuwa ba tare da sun ɓata fuskar kowa ba. Wanda ya zana waya domin su, ya bar musu wannan hanyar a buɗe. Kuma in kuka ga kowa na ba da amsa iri ɗaya, mai daɗin ji, ku sa takalmi ku je.

Za ku lura da wani abu a taron safiyar Litinin. Duk wanda ya kawo sabon zane, Shef ba ya fara tambayar kala ko girma. Zai ɗauki wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wa zai ji kunyar danna wannan?" Ku zo da amsarku a shirye, kuma in ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, don mota zai ba ku ya ce ku je ku gano.